Littafi Mai Farin Bango

Litinin, 2 ga Satumba, bayan la'asar

Masu ta'aziyya sun ragu. Yau Muktar ƙanena ya naɗe tabarmin ƙofar gida, ya bar kaɗan saboda masu zuwa daga nesa. Ban hana shi ba.

Da hantsi aka aiko daga tasha cewa ina da saƙo daga Damagaram. Kwali ne daga Burahima mai ɗab'i. A ciki akwai kofen gwaji na littafin, 'yan kaɗan, irin waɗanda ake dubawa kafin a buga sauran. An ɗinke su, an yanke gefensu daidai, amma bangonsu fari ne fat, babu ko harafi ɗaya.

Gara in rubuta dalilin, domin in na bar shi a kaina zai yi ta juyawa. Littafin a kan kwarurrukanmu ne, lambunan dabino da fadamun kanwa da ke kwance tsakanin tuddan rairayi daga nan Gure har Bune, da yadda rairayi ke cinye su, da yadda mutane ke tsayar da shi. Na shekara da shekaru ina rubuta wannan magana da Faransanci a rapor, wato rahoton aiki, na sarwis ɗin ruwa da gandun daji, ma'aikatar da nake aiki. Yin sa da Hausa shawarar 'yata ce ta fari, kuma mu biyu muka rubuta shi. A gidan nan Yayarsu nake ce mata. Ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda mahaifina bai taɓa kiran sunan wana ba har ya koma ga Allah. Sau ɗaya na faɗe shi, a cikin kunnenta, ranar da aka haife ta. Ranar suna Muktar ne ya kai wa liman. Muktar ɗin ne kuma ya rubuta ta a lakwal, makarantar boko.

Ranar da za mu aika wa Burahima rubutun, ta bar shafin bango babu komai. Ta juyo ordinatar, wato kwamfuta, wajena tana dariya, ta ce, "Baba, wannan aikinka ne. Sunan marubuta biyu. In gani ko injiniya zai iya." Na ce mata akwai lokaci. Ba a daɗe ba muka kai ta makwancinta.

Burahima yana jiran sunayen. An sa taron gabatar da littafin a farkon Oktoba.

Talata, 3 ga Satumba, da safe

Kwalin yana nan inda na ajiye shi. Na yi abin da ya kamata.

Jumma'a, 6 ga Satumba, bayan saukowa daga masallaci

Na buɗe guda ɗaya.

Ban yi zaton takarda za ta ba ni mamaki ba. Rayuwata duka a cikin takardu na yi ta. Amma jimlar da muka yi gardama a kanta a tsakar gidan nan, ita tana cin gyaɗa, ni ina cewa ba haka ake faɗa a kimiyyance ba, ga ta yau a tsaye a shafi, baƙi a kan fari, kamar tun asali haka aka halicce ta. Babu alamar gardamar. Na shafa ta da yatsa.

Yadda muka raba aikin shi ne, ni in auna zurfin rijiya da tafiyar tudu, ita ta zauna da mata a inuwa da wayarta tana ɗaukar muryarsu. Barbarcinta ya fi nawa, kuma akwai abin da tsohuwa ba za ta faɗa wa namiji mai motar sarwis ba. A babi na huɗu na rubuta cewa ruwan ƙasa ya yi nisa a kwarin da ke gabas da Bune. A ƙarƙashinsa ta kawo maganar Ya Kaka, tsohuwar da ke jagorantar matan kwarin: "Ina amarya da hannu nake ɗibar ruwa a nan. Yanzu kowace shekara sai na ƙara wa guga igiya, har igiyar ta fi ni tsufa." Na nemi a cire wannan a lokacin. Ta ƙi.

Na karanta har la'asar. Ban ji kiran salla ba sai da Biba, mahaifiyarta, ta ɗaga labule ta ce, "Malam, an kira." Ta ga abin da ke hannuna. Ta saki labulen.

Talata, 10 ga Satumba, da hantsi

Burahima ya kira. Injinansa suna ƙara a bayansa, sai ihu yake yi.

"Injiniya, ya ƙarin haƙuri? Allah ya ji ƙanta. To, bango fa! Ciki ya gama, bango ke riƙe da ni."

Na ce ina sane.

"Ka faɗa mini in rubuta, ga biro a hannuna. Naka na san shi, Idirisa Ma'u. Na biyun nake so."

Na ce zan kira shi.

"Ko ka ba Muktar waya ya faɗa mini? Ni ma ina da ɗan fari, na san abin. Nawa Kai Wane nake ce masa, har yanzu da gemunsa."

Na yi masa godiya, na ce ba sai an sa Muktar ba. Ya ce kada dai in wuce ƙarshen wata, in ba haka ba za a yi taro da littafi tsirara.

Muktar zai iya. Kowa a garin nan zai iya. Amma ba Muktar ta juya wa ordinatar ba.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan azahar

Na koma biro, wato ofis. Na sa hannu a takardu. Na yi abin da ya kamata.

Asabar, 14 ga Satumba, da yamma

Aisami, mataimakina a sarwis, ya ɗauki kofe ɗaya daga teburina ba tare da ya tambaye ni ba, ya kai gidan rediyon gari. Yau ya zo da kansa ya faɗa mini, yana murza hularsa. Ya ce tun shekaranjiya suke karanta shafi-shafi bayan la'asar, kuma in ina so a daina sai a daina. Na ce a bar su.

Ban kunna rediyo ba. Amma na maƙwabta yana shigowa ta katanga, kuma na ji. Wani saurayi mai murya mai kyau yana karanta abin da na rubuta a kan yadda ake kafa shingen kabar goruba a ƙirjin tudu, a gicciye da iska, ba a ƙafarsa ba. Ya karanta a hankali, yana tsayawa inda na sa waƙafi. Ban san haka maganata take a bakin wani ba. Da ya kai ga nata sashen, sai na lura muryarsa ta saki, har yana murmushi a ciki.

A ƙarshe ya ce, "Daga littafin Injiniya Idirisa Ma'u." Ya tsaya nan. Ba laifinsa ba ne. Bangon da ke hannunsa fari ne.

Laraba, 18 ga Satumba, da safe

Jiya direktanmu ya kira daga Yamai. Tun da na fara aiki bai taɓa kirana a kan wani rapor ba, sai dai in ya makara. Ya ce labarin littafin ya kai masa, yana so kowane ma'aikacin sarwis da ke jihar ya samu kofe, kuma za su aiko wakili ranar taro. Na ce na gode. Na ajiye waya na duba zuciyata ko akwai farin ciki. Na tarar da wurinsa, a share, amma bai zo ba tukuna.

Abin da ya motsa ni a kasuwa ya same ni. Na tsaya sayen tumatir, sai wani mai raƙumi da ban sani ba yana gaya wa mai tebur cewa mutanen ƙauyensu sun kafa shinge a ƙafar tudu, rairayi ya tsallake shi ya wuce, ashe a ƙirji ake kafawa. Mai tebur ya tambaye shi wa ya ce. Ya ce, "A littafi yake, an karanta a rediyo." Ina tsaye kusa da shi, kafaɗata na gogar tasa. Na faɗi wannan magana a taro fiye da yadda zan iya tunawa, da allo da alli, kuma ba ta taɓa hawa raƙumi ta tafi ƙauye da kanta ba.

Na dawo gida ban sayi tumatirin ba.

Jumma'a, 20 ga Satumba, bayan la'asar

Umaru ya kira. Tare muka yi karatu, yanzu yana koyarwa a babbar makaranta a Yamai, kuma ni na aika masa kofe. Ya yi ta'aziyya yadda ya dace, sannan ya shiga maganar da ta sa ya kira. Ya ce suna neman wanda zai koyar da yaƙi da rairayi, mutumin da ya taka tudu da ƙafarsa, kuma littafin nan zai buɗe mini ƙofar. Sai ya sassauta murya.

"Idi, shawara zan ba ka ta ɗan'uwa. Ka sa sunanka kai kaɗai a bango. Masu duba takardu in sun ga suna biyu, na biyun kuma ɗaliba, za su ce ita ta yi aikin ko kuma su ce tausayi ne. Ka sa ta a shafin godiya. Ka ce marigayiya 'yata. Ya fi ma dacewa da al'ada."

Na ce zan yi tunani.

Ya faɗi gaskiya a kan masu duba takardu, na san su. Abin da ya hana ni zama shi ne sauƙin shawarar. Kunyar da na gada da ribar da ake nuna mini sun zo sun tsaya a wuri ɗaya, suna nuna hanya ɗaya. In na bi ta, babu wanda zai zarge ni. Za a ma ce na san ya kamata.

Asabar, 21 ga Satumba, da asuba

Marigayiya 'yata. Na rubuta shi a takarda na duba. Kowane uba da aka yi wa rasuwa zai iya sa hannu a ƙarƙashinsa.

Litinin, 23 ga Satumba, da hantsi

Kofe ɗaya ya ɓace daga kwali. Na gan shi a ɗakin Biba, a kan sallayarta, da tsinken tsintsiya a tsakiya inda ta tsaya.

Ita ta fara magana, tana tsintar shinkafa, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na kai inda ta ce dabino ba ya son a dasa shi da fushi. Ni na gaya mata wannan, tana ƙarama, a gidan kakarta." Na ce ban sani ba, na ɗauka daga kwari ta samo. Ta ce, "Daga kwari ta samo, ni ma daga can nake." Sai ta yi dariya gajeriya, ta farko tun ranar.

Na gaya mata maganar Umaru. Ta daɗe tana juya shinkafar.

"In ka sa shi a bango, Malam, zai shiga kasuwa. Wanda ya san ta da wanda bai san ta ba, kowa zai riƙa kira. Ni da na haife ta ban taɓa ba."

Na ce haka ne.

"In ba ka sa ba kuma," ta ce, sai ta tsaya. Ta ɗauki faifan ta fita.

Alhamis, 26 ga Satumba, bayan azahar

Burahima ya kira, ban ɗauka ba. Gobe zan tafi kwarin Bune da Aisami. Matan sun aiko cewa sun gyara shinge, suna so a zo a gani. Hanyar ɗaya ce, wadda hatsarin mota ya same ta a kai.

Jumma'a, 27 ga Satumba, bayan magariba, da dawowarmu

Mun wuce wurin. Aisami ya rage gudu, ya ɗaga hannu ɗaya daga sitiyari yana addu'a. Ciyawa ta fito ta rufe komai. Na dubi gabana.

Na sha shiga kwarin nan, amma yau da muka gangaro daga kan tudu na tsaya. Rairayi ja ta kowane gefe, tsayinsa ya fi na kowane gini a Gure, sannan a ƙasa wannan kore mai duhu, dabino kan dabino, ruwan damina na walƙiya a fadamar kanwa. A ƙirjin tudun gabas kuwa, sabon shinge layi-layi, a gicciye da iska, daidai inda shafi ya ce. Babu wanda sarwis ya aika. Babu wanda aka yi wa alkawarin komai. Sun ji, sun sari kaba, sun hau.

Ya Kaka ta taso da sandarta tana yi mini sannu da Barbarci. "Wushe, wushe, ɗan boko! Ka sa ni a rediyo ban yi kwalliya ba!" Matan suka fashe da dariya. Ta ce jikokinta sun hana ta sakat, kowa ya gan ta da guga sai ya tambayi shekarun igiyar. Sannan ta kama hannuna da hannu biyu ta yi mini gaisuwar rashi, ta kira sunan. Wata ta kira. Wata ta ce ita ta koya mata cin ɗanyen dabino da kanwa, ta kira. A bakinsu littafin ma ba shi da wani suna sai nata. Na zauna a tabarma ina jin sunan yana zagayawa daga baki zuwa baki, da sauƙi, kamar ƙwaryar ruwa, yana tsallake ni.

Na miƙa wa Ya Kaka kofe. Ta juya shi gaba da baya, ta buɗe, ta rufe.

"Ni ba na karatu, amma ina da ido. Ciki cike, baya fari. Ba a yi wa ɗan nan suna ba?"

Aisami ya yi mata bayani da Barbarci, a taƙaice, yana kallon ƙasa. Ta saurara, ta girgiza kai.

"Kunya ce? Ni ma na yi wa nawa, har ya tafi. Muna yi ne don kada ido ya ga yadda muke son su." Ta ɗora littafin a cinyata. "To yanzu wa kake ɓoye wa, Idirisa? Kai ka raɗa mata shi, ka ba duniya, ka hana kanka."

Aka kawo fura, na sha. Aka nuna mini ƙananan dabino da aka dasa bana, na duba, na faɗi abin da ya kamata. Sannan na tambayi Aisami inda waya ke kamawa. Ya nuna mini kan tudun gabas, ya ce nan kaɗai.

Na hau ni ɗaya, ta tsakanin shingen, rairayi na zamewa a ƙarƙashina. A sama iska ce kawai, da tudu bayan tudu har ƙarshen gani. Na kira Burahima. Injinansa na ƙara.

"Injiniya! Na ɗauka ka gudu! Ga biro."

Na faɗa.

"Me? Ban ji ba, iska ce a wajenka!"

Na sake faɗa.

"Don Allah ɗaga murya, ko ka bari in fita waje!"

Ban jira ya fita ba. Na cika ƙirjina na kira shi kamar yadda ake kiran yaron da ya yi nisa a gona. Muryata ce, amma ban san tana da wannan girman ba. Ya sauka kan dabinon, ya haye fadamar, ya bugi tudun yamma ya dawo mini. A ƙasa matan suka daina abin da suke yi, suka ɗago kai. Na ga Ya Kaka, ƙarama kamar tsuntsu daga can sama, ta ɗaga sandarta sau ɗaya ta sauke.

Burahima ya ce a hankali, "Na ji, Injiniya. Wanne zan fara sawa?"

Na ce nata.

Na zauna a kan rairayin. Abin da ban yi ba ranar jana'iza, ban yi ba ranar sadaka, a nan na yi shi. Aisami bai hau ba sai da rana ta karkata.

Lahadi, 29 ga Satumba, da safe

Na gaya wa Umaru. Ya ce, "Kai dai ba ka canja ba." Ya ce zai miƙa takarduna duk da haka, amma kada in sa rai sosai. Na ce ban sa ba. Na yi mamakin yadda maganar ta wuce ni ba ta taɓa komai ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan la'asar

Littattafan sun iso, gobe taro. Bangon kore ne mai duhu, da tudu ja a sama. Burahima ya yi aiki mai kyau.

Na kai wa Biba guda ɗaya a ɗakinta. Ta goge hannunta a zane kafin ta karɓa. Biba ta yi lakwal, tana karatu sarai, kuma na ga idonta ya sauka a wurin ya tsaya. Ta sa yatsa a ƙarƙashin harafin farko ta bi shi har ƙarshe, leɓenta a rufe. Sannan ta miƙo mini.

"Idona ba ya gani sosai yau, Malam. Karanta mini bangon."

Na karanta mata. Ta ce in sake. Na sake.

Rahinatu Idirisa.